Waya mai madannai don taifin ɗin littafi: in saya ko in haƙura?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma don Allah daga waɗanda suka taɓa riƙewa da hannunsu. Ni marubuciya ce, a waya nake taifin, kullum sai na saki feji a guruf ɗin masu biya. Shafa sikirin ya ishe ni. Da na ɗan yi sauri sai haruffa su cakuɗe, in koma ina bi layi-layi ina gyara, babban yatsana kuma har tsami yake yi. Da dare nake rubutu, a kwance, yarinya na jikina, saboda haka kada a ce in sayi kwamfuta ko kibod na tebur, ba ni da damar zama in baje su. Ƙanena ya nuna mini guda biyu: BlackBerry KEY2 ta hannu da Unihertz Titan Pocket. Abin da na tara dubu 250 ne. Da gaske an fi sauri a kan madannai? Ana samun ɓ da ɗ da ƙ? WhatsApp da manhajar banki suna yi?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sayi kibod na Bluetooth kawai, ki aza a tebur ki jingina wayarki. Logitech K380 nake amfani da shi a shago, batir biyu irin na rimot yake ci, yana haɗuwa da na'ura uku. An wuce wurin.

Bazamfariya:
Alhaji ka karanta kuwa? Ta ce a kwance take rubutu da goyo. Teburin a kan cikinta za ta ɗora?

Baban Bold:
Allah sarki BlackBerry. 'Yata kin tuna mini da zamani. Curve 8520 na fara riƙewa, daga baya na koma Bold 9900 da ta fito a 2011. Wallahi ina cikin taro, hannuna a ƙarƙashin tebur, idona a kan mai jawabi, zan rubuta saƙo cikakke ba kuskure ko ɗaya, saboda yatsa ya haddace wurin kowane harafi. A sikirin dole ido ya tsare yatsa, a madannai kuwa kina jin harafin kafin ki danna, kina kuma jin ya shiga. Saurin ma dai yaran yanzu sun fi ni a shafa-shafa, na yarda, amma ni ba na komawa gyara. Lokacin ba a tambayar lamba, fin ɗin BBM, manhajar hira ta BlackBerry, ake tambaya.

Sarkin Zolaya:
Baba kai ma ka faɗi gaskiya, fin ɗin 'yan mata nawa ka tara a wancan zamanin? Mu dai a ba mu labari kafin Hajiyar gida ta shigo.

Injiniya Mai Gyara:
Bari in raba muku abin gida biyu, don na ga za a rikita ta. Tsofaffin BlackBerry irin su Bold da Curve da Q10 da Classic da Passport, ki manta da su. WhatsApp ya daina tallafa musu tun ƙarshen 2017, kamfanin BlackBerry ma ya rufe hidimarsu ranar 4 ga Janairun 2022. KEYone ta 2017 da KEY2 ta 2018 su Android ne, kamfanin TCL ne ya ƙera su da sunan BlackBerry, yarjejeniyar kuma ta ƙare a 2020. KEY2 a Android 8.1 ta tsaya, ba ta ƙara gaba ba. WhatsApp yana hawa. Manhajar banki kuwa ya danganta da bankinki, ki shiga Play Store ki duba Android nawa take buƙata kafin ki ba kowa kuɗi. Sannan ki sani duk KEY2 da za ki gani yau, ko an ce miki a kwali take, batirinta ya tsufa.

Abu Sadik:
Injiniya ya yi gaskiya a kan "a kwali take" ɗin nan, kuma a nan aka yanka ni. Anti ki zauna ki ji.
Na ga tallar KEYone wurin wani dila a intanet, hotuna tsaf, leda ba a ɓare ba. Ya rantse mini da Allah sabuwa ce fil, ragowar kaya ce daga Turai. Na tura masa kuɗi, ya sako ta a mota, na je tasha na karɓa. Farko kam na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Ka saita harafin W ya buɗe maka WhatsApp, ka shafa saman madannan shafi ya riƙa tafiya, ka ɗora yatsa a kan dogon madannin tazara ta buɗe. Har a majalisa ana karɓa ana jujjuyawa.
Da hunturu ya shigo sai dogon madannin nan ya fara maƙalewa. Ka danna sau ɗaya ya ba ka tazara uku, ko ya ƙi ba ka ko ɗaya, kalmomi su manne da juna. Na kai wa mai gyara, yana ɗaga bayan ya kira ni ya ce zo ka gani. Gam ne shaɓe-shaɓe a gefe, noti biyu babu, batirin ya kumbura har ya fara tura murfi. Ya ce wannan haɗe-haɗe ce, an tattaro gawar waya biyu ko uku aka sa mata sabuwar riga, madannan ma ba na asali ba ne. Na kira dila, ya ce ƙurar garinmu ce. Na sake kira, ya ce in turo a duba. Na uku lambar a kashe.
Na zaga kasuwar 'yan waya rumfa-rumfa ina neman madannai, wasu ma dariya suke yi mini, wani yaro ya ce Oga wannan ai sai gidan tarihi. Ƙarshe na ba wani mai odar kaya daga Caina, na jira har na gaji. Da suka iso aka sa, haruffa suka dawo, buɗewa da yatsa kuma ta mutu, har yau. Kuɗin gyara da na oda sun kusa rabin kuɗin wayar. Tana nan a durowa, yarana ke wasan kanti da ita.

Bazamfariya:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri. Nawa ka saye ta?

Abu Sadik:
Dubu 140 a lokacin, ban da kuɗin mota. Ban yafe ba.

Ɗan Kwari:
An cuce ka tun a farashi. Wani maƙwabcina a kasuwa dubu 80 ya sayi tasa, kuma lafiya lau.

Injiniya Mai Gyara:
Yaushe? Ka faɗi shekara Alhaji. Yanzu KEY2 mai lafiya ba ka samunta ƙasa da dubu 350, don yaran Turai da Amurka sun dawo yayinta, 'yan kasuwa kuma sun farga.

Ummu Taifis:
Ni kuma makon jiya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano aka ce mini dubu 220, sai dai ban gan ta ba, cewa ya yi zai sa a kawo daga Legas.

Sarkin Zolaya:
"Zan sa a kawo" ai ba farashi ba ne, addu'a ce.

Kallo Ya Isa:
Duk ku bar wannan. Titan 2 ce magana yanzu, ta fito a 2025, tana da 5G da Android 15, sikirin inci 4.5 mai kusurwa huɗu daidai. Na kalli bidiyonta da yawa, babu abin da ya kama ƙafarta. Ko kuma ta sayi iPhone ta sa mata rigar Clicks mai madannai a ƙasa.

Baban Bold:
Yaro ka taɓa riƙe ta? Baiwar Allah ta ce waɗanda suka riƙe. Kuma mai dubu 250 kake cewa ta sayi iPhone sannan ta saya mata riga ta dala ɗari da wani abu?

Kallo Ya Isa:
To Baba kai da ka riƙe, wayar da ta mutu tun ina firamare kake ba mu labari. Wanne ya fi amfani, wanda ya san na yau ko wanda ya san na jiya?

Injiniya Mai Gyara:
Ku biyun duka ba a kawo muku su a mace. Ni ake kawo wa.

Baban Bold:
Shi ya sa ba ka ganin masu lafiya, Injiniya. Wanda tasa ke aiki me zai kai shi rumfarka?

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni Titan Pocket gare ni, kuma ina aiki da ita yanzu haka. Hajiya ki kula da abu guda in za ki yi oda: jerin haruffa. Wani abokina nan ya sayo BlackBerry daga Faransa, ta zo da AZERTY, mu nan mun saba da shi, amma ku na Najeriya QWERTY kuka iya, A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka. A sikirin sai ki sauya, a madannai kuwa abin da aka zana shi ke nan.
Batun Pocket, tana da kauri da nauyi, ta sha faɗuwa ba ta fashe ba, caji kuma yana kai ni dare. Amma sikirin inci 3.1 ne. Saƙo da kira da lissafin kaya, madalla. Bidiyo na tsaye da Status duk a matse suke fitowa, wata manhajar ma sai madannin "ci gaba" ya ɓuya a ƙasa. In rubutu mai tsawo ne, layi kaɗan za ki riƙa gani. Ni jika 190 ta tsaya mini da kuɗin kawowa.

Ɗan Kwari:
Dubu 190? Ai ta yi araha, Hajiya ki saya har da canji.

Ɗan Maraɗi:
Na sefa Alhaji, ba naira ba. Ka buga lissafi.

Ummu Taifis:
Maman Iman, ba wanda ya amsa miki batun haruffa masu lanƙwasa, bari in amsa, don taifin ne sana'ata. Babu ɓ, ɗ, ƙ a jikin madannan ko wacce daga cikinsu, haruffan Turanci ne kawai. In kina son su sai kin kira kibod na sikirin, irin Gboard da ke da Hausa, shi kuma zai cinye rabin ɗan sikirin da ya rage, kin ga an koma gidan jiya. Dabarar da muke yi, kuma masu buga littafi da jarida sun daɗe da ita: tunda Hausa ba ta amfani da q da x da v, sai ki riƙa danna q a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ. Ki rubuta "qasa", "xaki", "varawo". In kin gama feji ki buɗe shi a manhajar rubutu irin WPS ko Google Docs ki sa a nemo a maye gurbinsu gaba ɗaya, manya daban ƙanana daban. Minti biyu ne. Ki dai kula in akwai kalmar Turanci a ciki, don ita ma za ta juye.
Sauri kuwa, gaskiya kwanakin farko sai kin ji kamar ki yi jifa da ita. Madannan ƙanana ne, suna son ƙarfin dannawa, in kina da farce ma sai kin rage. Kuma hannu biyu take so. In yarinya na kan hannu ɗaya, ban ga yadda za ki yi ba. Tsamin yatsa ma ban yi miki alkawarin zai tafi ba.

Maman Iman:
Kai Anti Allah ya saka da alheri, wannan ita ce amsar da nake jira. Batun hannu biyun ya sanyaya mini jiki. A kwance fa, ba ta faɗo wa mutum a fuska?

Ɗan Maraɗi:
Ta taɓa faɗo mini. Ki tambayi hancina.

Sarkin Zolaya:
Fa'ida ɗaya da ba ku faɗa ba: mai ƙwacen waya in ya fizga ya ga madannai, da kansa zai biyo ki ya dawo da ita har da ban haƙuri.

Abu Sadik:
Ni dai na faɗa. Duk wanda ya ce miki "a kwali take", ki ce a buɗe bayan a gabanki.

Bazamfariya:
Ni abin da ke ci mini rai ma daban ne. A ce mace ta tara dubu 250 don ta inganta rubutu, ta hana idonta barci, sannan wata ta biya naira 500 ta shiga guruf ta kwashe feji ta watsa a guruf goma kyauta. Wace waya ce za ta yi maganin wannan?

Maman Iman:
Kin taɓo inda yake mini ciwo. Littafina na baya tun kafin in kai rabi na gan shi a wata tasha ana karantawa da murya, an sauya masa suna, ko sunana ba a ambata ba. Na yi magana, aka ce in gode Allah ana tallata ni.

Ummu Taifis:
Ki riƙa sa wa kowace mai biya wata 'yar alama daban a cikin fejinta, ko kalma ɗaya ce. Ranar da ya fita kin san ta inda ya fita.

Kallo Ya Isa:
Mutum ɗari uku za ta yi wa alama ɗaya bayan ɗaya? Da wane yatsan?

Ɗan Kwari:
Shi ya sa na ce kibod na Bluetooth tun farko.

Bazamfariya:
Alhaji don girman Allah.

Maman Iman:
Ɗan Maraɗi, in ba damuwa ka ɗauko mini hoton sikirin ɗinka kana cikin rubutu, in ƙirga layi nawa ke fitowa. Anti Ummu kuma zan biyo ki ta akwati kan maganar alamar nan, don akwai wadda nake zargi tun watan azumi.