Gwanjo da safe, shan iska da rana: yini ɗaya zai isa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne a Sakkwato, muna son ranar Asabar mu shiga gwanjo mu tsinci kayan sanyi tun hunturu bai kankama ba, daga nan mu ɗauki hanya a Corolla ɗin abokinmu mu ɗan fita wajen gari, ba wani dogon shiri. Yaya ake gane gwanjo mai kyau? Kuma ina ne za a je a dawo a yini guda?

Hajiyar Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gwanjo sammako yake so. Ku shiga Babbar Kasuwa da zarar an buɗe, ku tambayi wanda zai fasa dila a ranar. Kayan farkon fasawa sun fi tsada, amma nan ake samun wanda ko wanki biyu bai sha ba. Abin da ya kwana uku a rataye an riga an tsince shi, saura ne.

Kada ku duba kaya cikin rumfa, ku fito da shi haske. A juya rigar ciki waje. Wurare huɗu ne ke tona asirin riga: hammata, wuya, bakin hannu da gwiwar hannu. Tabon gumi da ya koma ruwan ɗorawa ba ya fita, haka na tsatsa. Ƙasa da datti kuwa wanki ɗaya ne, har ma su ne hujjarku ta neman ragi. Suwaita a ɗaga ta sama a kalli rana ta cikinta, ƙananan hujin da ƙwari suka yi za su bayyana. Zif a ja shi sama da ƙasa sau uku. In kan zif ɗin ne ya saki, tela zai canza shi da ɗan kuɗi, in haƙori ya fita sai an sake zif gaba ɗaya, kuma na jaket ba arha ba ne. Roba a ja ta, in ta yi ƙara kamar busasshen ganye ta mutu.

Wandon jins ba wurin gwadawa, to ku maɓalle shi ku zagaya ƙugunsa a wuyanku. In bakin biyu suka haɗu ba matsi, zai shiga. Kada ku dogara da lambar jikin kaya, awon Amurka daban, na Ingila daban, wasu kuma sun tsuke a wanki. Takalmi a lanƙwasa tafinsa sosai. Wanda ya daɗe a ajiye tafinsa kan rugurguje kamar tsohon burodi ko da samansa na sheƙi, zafin Sakkwato kuma ba ya raga wa gam.

Ciniki a haɗa kayanku ku huɗu a taya gaba ɗaya, ya fi sauka. Ku riƙe tsabar kuɗi, tiransifa kan maƙale. Kuma don Allah kada wani ya saka rigar a hanya don ta burge shi. Warin nan na gwanjo maganin feshi ne da daɗewa cikin dila, yana sa ƙaiƙayi. A jiƙa a ruwan zafi da omo kamar minti 30, ban da ulu da ke tsukewa, shi ruwan sanyi da sabulu. A shanya a rana, a goge da dutsen guga mai zafi, musamman bakin ɗinki inda ƙwarƙwata ke ɓuya.

Bakaniken Runjin Sambo:
Hajiya ta gama da kaya. Tafiyar ba-zata ba laifi, amma motar ce ba ta san ba-zata ba. Minti 20 ya isa tun injin na sanyi: baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, fanbel ko ya tsattsage. Iskar taya a auna wajen mai faci kafin a yi tafiya, awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ku duba lambobi huɗu na gefen taya, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida ita ce ke fashewa kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba. Safaya ma a auna ta, a tabbatar da jak da sifanar taya.

Mai kuwa, Corolla da mutum huɗu da na'urar sanyi a kunne, ku lissafa lita 10 a kilomita 100. In Argungu za ku, kusan kilomita 100 ne, zuwa da dawowa lita 20, ku ƙara 5. A nan gari za ku sha, ba a hanya ba. In allurar zafi ta hau, a tsaya a kashe, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, ruwan na tsalle ya ƙona fuska. Jarkar ruwa lita biyar ta mota, ban da na sha.

Ni Argungu zan ce. Akwai gidan tarihin Kanta a tsohuwar fadar sarki, ga Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, ga kifin kansa.

Baban Nana:
Me zai hana ku mayar da ita Lahadi ku tafi Illela? Ranar kasuwarta ce, hanya ɗaya ta Kware da Gwadabawa, bai kai kilomita 100 ba. Sayayya da shan iska a wuri guda.

Bakaniken Runjin Sambo:
Baban Nana, ranar kasuwa hanyar cike take da manyan motocin shanu, ga shingaye saboda bakin iyaka ne da Ƙonni ta Nijar. Gwanjo na cikin kayan da doka ta hana shigowa da su, riga biyar a leda ba mai kula ka, amma but cike da ƙulli sai ka yi dogon bayani. In za su je, kowa da katin shaidarsa, lasin da takardun mota su cika.

Malamar Gawon Nama:
Ƙari ɗaya. Gabashin jiha, wajen Rabah, Goronyo, Isa da Sabon Birni, ba wurin yawon ba-zata ba ne a halin tsaron da ake ciki, duk da Wurno da madatsar ruwan Goronyo na da abin kallo. Ko wace hanya ce, ku tsaya tasha ku tambayi direbobin haya, su ke da labarin safiyar. Ku bar kasuwa ƙarfe 10, ku yi azahar a Argungu, ku juyo da an sallame la'asar, magariba ta same ku a gida. A sanar da wani a gida inda aka nufa.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Argungu za mu. Kayan mu bar su a mota?

Hajiyar Arkilla:
Ku ƙulle su a leda ku jefa a but, ban da takalmi. Shi ku biya ku ajiye a gida, zafin but zai ɗaye masa gam kafin ku dawo.