Wane suna za mu ba na'urar da ke gano kaya da sauti?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina fassara littafin horar da ma'aikatan masana'anta, ranar Alhamis kuma zan miƙa shi, amma na cije a kan sensar altirasonik mai gano kaya daga nesa. Na rubuta "na'urar gano kusanci", sai dai hankalina bai kwanta da shi ba.

Injiniya Sani: Wa'alaikumus salam, Malama. Kusanci zai rikita mai karatu, domin manyan irinta suna gano kaya daga mita 6 ko fiye, alhali abin da ya matso dab da fuskarta ba ta iya auna shi. Sauti take fitarwa wanda ya haura haz 20,000, wato kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, iyakar jin ɗan Adam, ya bugi abu ya dawo, sai ta ƙidaya lokacin. Tun da sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai ɗumin digiri 20, tazarar ta fito ke nan. Da yake da sauti take aiki ba da haske ba, shi ya sa kwalbar gilashi ko baƙin fenti ba sa ruɗa ta, amma auduga da soso suna shanye sautin. Ina ganin "ma'aunin tazara mai amsa-amo" ya dace.

Malam Bala: Injiniya, wannan ai jimla ce, ba suna ba. Na daɗe ina cewa a kira ta "kunnen jemage", tun da haka jemage yake gane hanya cikin duhu, kuma duk Bahaushen da ya ji zai fahimta nan take.

Injiniya Sani: Kunne ji kawai yake yi, Malam, ita kuwa tana fitar da sautin da kanta. Ma'aikata ma sensa suke cewa.

Malam Bala: Wannan "sensa" shi ne lalacin da ke kashe mana harshe, kowa yana ganin sai ya ari bakin Bature sannan ya cika injiniya.

Zainab: Allah ya gafarta Malam, na'ura da sauti da daƙiƙa duk daga Larabci muka aro su, ba wanda ya kira hakan lalaci.

Malam Bala: Aron da ya daɗe har ya zama ɗan gida daban yake da na jiya.

Hadiza: Na gode muku. Zan ɗauki na Injiniya, in ambaci sensa a karon farko saboda ma'aikatan, jemage kuma ya shiga cikin bayani. Har yanzu dai sunan bai nuna cewa sautin ya wuce ji ba.

Malam Bala: To, a sa shi saboda Alhamis, amma ban yarda an gama ba.