Hanci mai murɗiya da harsashi mai ɗan rakiya: neman kalmar Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da wata fassara a kan farautar barewa a Amurka, kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: "rifled barrel", "slug" da "sabot". Ga inda na kai, wanda ya ga gyara ya gyara mini.

Bindigar da Bature ke kira "shotgun" ita ce wadda maharbanmu suka sani, mai hanci ɗaya ko mai hanci biyu, da ake harbin zabin daji da makwarwa da ita. Cikin hancinta sumul yake kamar bututun ruwa. To a wasu jihohin Amurka irin su Ohio da Illinois, shekara da shekaru doka ba ta yarda a harbi barewa da bindiga mai cin dogon zango ba, saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da gidaje kusa da juna. Shi ya sa maharban can suka koma wa wannan bindigar da harsashi guda mai nauyi, daga baya kamfanoni suka riƙa yi wa hancinta tsaga daga ciki, mai tafiya a murɗe, don harsashin ya fita yana juyawa.

Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san amfanin juyin nan. Ka murza ta tsakanin yatsu biyu ka sake ta a kan rairayi, muddin tana juyawa tana tsaye cak a kan tsininta, da juyin ya mutu sai ta kife. Haka harsashi yake a cikin iska.

Irin wannan hancin ne Bature ke kira "rifled barrel". Na fara rubuta "hanci mai tsaga", ban gamsu ba. Tsaga a kunnen Bahaushe miƙaƙƙiya ce, irin ta fuska, ba ta nuna murɗi. Wani ɗan uwa bakanike ya ce in ce "mai zare", kamar zaren noti. Malam, na gode, amma zaren noti a matse yake, zagaye da yawa cikin tsawon ɗan yatsa, wannan kuwa zagaye ɗaya tak yake yi cikin kamar inci 30. Na tsaya a kan "hanci mai murɗiya", kishiyarsa kuma "hanci sumul". Wasu sun fi son baki a kan hanci. Ni dai na bar baki ga ƙarshen da harsashi ke fita.

Kalma ta biyu ba ni na samo ta ba. Na je gaida wani dattijo a garinmu wanda ya tsufa yana farauta, na tambaye shi sunan ƙananan 'ya'yan dalmar da ke cikin kwanson harsashi. Bai amsa ba sai da ya ɗauko wani tsohon kwanso ja da ya sha danshi, ya yanka kansa da wuƙa, ya juye a tafin hannuna. Suka gangaro, baƙi-baƙi, wasu suka zube a tabarma. Ya ce, "Ɗana, wannan ai tsaba ce, kamar ta dawa." Na ce, "Baba, idan kuma guda ɗaya ne babba da ya cika kwanson?" Ya ce, "To ka samu dunƙule." Shi ke nan, tsaba da dunƙule, ban ƙara neman wata ba.

Yanzu ga inda nake so mu natsu, don shi ne dalilin wannan rubutun. Akwai dunƙulen da Bature ke kira "rifled slug". Wanda ya bi kalma da kalma zai ce "dunƙule mai murɗiya", mai karatu kuma ya ɗauka ai shi ne abokin tafiyar hanci mai murɗiya. Alhali an yi shi ne don hanci sumul. Wilhelm Brenneke ya ƙera irinsa a Jamus a 1898, Karl Foster ya fito da nasa a Amurka a 1931. Na Foster dalma ce zalla mai nauyin kamar giram 28, gindinsa da rami, nauyin duk ya taru a gaba, shi ya sa yake tafiya sak kamar kibiya mai nauyin kai. Layukan da ke jikinsa ba su ne ke riƙe shi a hanya ba, babban aikinsu su lotsa idan ya zo wucewa ta matsattsen bakin bindiga. In aka harba shi a hanci mai murɗiya zai fita, amma tsagar za ta kankare dalmar ta cushe, bayan 'yan harbi saiti ya fara lalacewa. Sunan Turancin kansa ne mai ruɗarwa, kuma ban ga dalilin da zai sa mu ɗauko ruɗun mu dasa a Hausa ba. Na kira shi "dunƙule mai haƙarƙari", don abin da ido ke gani a jikinsa ke nan.

Tsaba ma ba ta shiri da murɗiya. Juyin yana watsa ta gefe-gefe, ta isa kamar gammo, tsakiya wayam, daidai inda maharbi ya saita.

Wanda aka yi domin hanci mai murɗiya shi ne "sabot". Wata 'yar uwa daga Maraɗi ta tuna mini kalmar Faransanci ce, takalmin katako, ta ce me zai hana mu ce "mai takalmi". Hajiya, asalin kalmar kin faɗe shi daidai, sai dai in na rubuta harsashi mai takalmi babu abin da mai karatu zai gane. Abin ga yadda yake: harsashi ne siriri, sau da yawa mai kaurin milimita 12.7, an rungume shi da roba don ya cika hanci mai faɗin milimita 18.5. Robar ce ke kama murɗiya ta juya shi, da sun fita baki sai ta buɗe ta faɗi nan kusa, shi kuma ya wuce. Da shi maharbi kan samu barewa a nisan mita 150, inda mai haƙarƙari a hanci sumul da wuya a amince masa bayan mita 70 zuwa 90.

An kawo "mai kube", an kawo "mai riga". Kube ya yi kusa, na daɗe ina juya shi. Amma kube yana zama a ƙugu ne a zare wuƙa, ba ya tafiya da ita. Riga kuwa ba a tuɓe ta a bakin ƙofa. Abin da ke tafiya da kai har bakin zaure sannan ya tsaya kai ka wuce, ai ɗan rakiya ne. Saboda haka na rubuta "dunƙule mai ɗan rakiya". Ya ɗan yi tsawo, na yarda, amma baki zai gajarta shi zuwa "mai rakiya".

Ga jimlar da na sa a fassarar: hanci sumul yana cin tsaba da dunƙule mai haƙarƙari, hanci mai murɗiya kuma nasa mai rakiya ne. Na karanta wa Baba ita ta waya, bai ce in maimaita ba.

Saura guda ɗaya, "gauge". Lambar 12 da ake gani a jikin kwanso tana nufin ƙwallayen dalma 12 masu faɗin hancin ne ke cika nauyin fam ɗaya, shi ya sa hancin 20 ya fi na 12 ƙanƙanta. Na sa "lambar hanci" na wucin gadi. Maharba da ke nan, yaya kuke kiran ta idan kun je saye?