"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa": har da mai shaye-shaye?

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum. Duk wanda sigari ko kodin ya kwantar, sai ka ji an jefa masa wannan karin magana, wato shi ya jawo wa kansa, ba ruwan kowa. Ta dace a nan kuwa?

Dattijo mai albasa, Mile 12: Ta dace mana, ɗana. Baligi mai hankali ya ciro kuɗinsa ya sayi taba, ga gargaɗi a jikin kwali, ya kunna. Gwamnati za ta bi shi ɗaki ta ƙwace?

Malama, Idi-Araba: Baba, a yi min afuwa, ban yarda ba. Magabata sun yi maganar ne kan ƙunar da ta tsaya a bakin mai ita. Hayaƙi ba ya tsayawa. Ɗaki ɗaya ake haya a nan, taga ɗaya, maigida na busawa, mai jego da jariri na shaƙa, su me suka ɗebo? Shi ya sa jihar Legas ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a a 2014, dokar tarayya ta 2015 kuma ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai. Amma ka tsaya gaban mai tebur a tasha, ka ga yadda ake zare wa yaro kara ɗaya daga kwali. Wannan ne ke ƙona min rai.

Direban tirela, Apapa: Malama ta yi gaskiya. An hana maganin tari mai kodin a 2018, yara suka koma tiramol. Yaron mota yana haɗiya ne don ya jure lodi, kuma idan ya kama sitiyari a buge, wanda ke gefen titi ne ke mutuwa.

Dattijo mai albasa: To 'yata, na ba ki gaskiya kan yara da mata. Amma kada mu jibge wa gwamnati komai. Mai teburin nan ɗan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke bi da shi. Wa ya taɓa yi masa magana?

Malama: Ba kowa, Baba. Ku manya ku kai zancen gaban limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni, su kira masu tebur su zauna da su. Mu mata za mu ɗauko shi a islamiyya.