PS5 mai cin faifai ko marar faifai: ina neman shawara kafin Asabar

Mai Gem Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon wasan gem a Tudun Wada, nan Gusau, da na'urar wasan PlayStation 4, wato PS4, guda uku waɗanda matasa ke buga ƙwallo a kansu daga bayan la'asar zuwa ƙarfe goma na dare. Na kwashi adashina a makon jiya, kuma na yi niyyar ƙara PS5 guda ɗaya domin masu zuwa sun dame ni da tambaya. Wani mai kawo kaya daga Kano ya ba ni zaɓi biyu, mai cin faifai a kan naira dubu 820, ko wadda ba ta da wurin sa faifai a kan dubu 720, ya kuma ce in ba shi amsa kafin Asabar saboda ranar zai yi lodi. Don Allah a lura da abu biyu. Ƙwallo kaɗai ake bugawa a shagona, mutum biyu a zaune kan benci ɗaya, babu mai buga wasa ta intanet. Sannan sabis a layinmu sai an kai waya bakin taga. Ina kuma da faifan PS4 guda tara a ajiye. Wacce ya kamata in ɗauka?

Ɗan Ƙaura

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da ni ne kai da ban zuba wannan kuɗin a PS5 ba. Ka haɗa kwamfutar tebur ka buɗe asusu a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, inda ake karya farashi sau da yawa a shekara, kuma idan ka sayi wasa bai yi maka ba suna mayar maka da kuɗinka, muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga shi fiye da awa biyu ba. Ni shekara huɗu ke nan ban taɓa faifai da hannuna ba.

Bakaben Argungu

Malam ya ce sabis sai an kai waya bakin taga, kai kuma kana so ya kai kwamfutar tebur bakin taga. Sai dai a ɗauki yaro aiki ya riƙa ɗaga ta sama.

Baba Na Samaru

Ƙanena, ka saurare ni, domin ni na riga na sha wannan ruwan. A shekarar 2021 ina da PS4 biyar a shagona, kuma babu faifai ko ɗaya a cikinsu, saboda wani mai sayar da wasanni ta intanet, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya nuna mini hanyar da ya kira ta araha. Yana sayen wasa a asusunsa, sai ya sayar wa mutum biyu ko uku, kowa ya shiga asusun ya sauke a na'urarsa. Abin da bai faɗa mini ba shi ne, matsayi na biyu ya sayar mini, wato na'urata ba ita ce uwar ɗakin asusun ba, don haka sai ta leƙa intanet ta tabbatar da izini kafin wasa ya buɗe.

Ana nan sai aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara a farkon watan Satumba. Washegari na ta da janareta da ɗan man da ya rage mini, lokacin ma an hana sayar da mai a jarka, na kunna talabijin biyar, sai ga ɗan kwaɗo a jikin hoton kowane wasa. Yara sun cika benci da kuɗinsu a hannu suna kallona, ni kuma ina danna fad, wato abin riƙewa a buga wasa, kamar wanda ke ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi. Bayan kwana shida na naɗe na'ura biyu a cikin zanen uwargida na shiga motar Sakkwato, gabana na faɗuwa tun daga Bunguɗu har muka wuce Talata Mafara. A can na samu sabis na kira mutumin, ya ce sai na ƙara kuɗi kafin ya mayar da su matsayi na farko. Na ƙara. Na dawo suna aiki, na ce wahala ta ƙare.

Ranar da sabis ya dawo Gusau a watan Oktoba, na haɗa su da intanet domin sabunta sunayen 'yan wasa, kwaɗon nan ya dawo inda yake. Ashe tuni ya cire na'urorina daga asusun, ya canja kalmar sirri, ya sayar wa wasu. Lambarsa ba ta sake shiga ba har yau. Na sayar da uku na biya kuɗin haya, yanzu cajin waya nake yi a rabin shagon. Ka sayi mai faifai, ko da za ka ci bashi.

Bakaben Argungu

Allah ya mayar da alheri, Baba. Mu a bakin gulbi mun san kwaɗo da damina yake fitowa, ashe akwai wanda ke fitowa idan an ɗauke sabis.

Injiniya Mafara

Baba, ranka ya daɗe, abin da ya same ka laifin ɗan damfara ne, ba laifin rashin faifai ba. Wanda ya sayi wasa a asusun kansa, ya kuma sanya na'urarsa a matsayin ta farko, yana bugawa ko babu intanet. Ni gyara nake yi, kuma da hunturu abin da aka fi kawo mini shi ne na'urar da ƙura ta kashe idon da ke karanta faifai. Faifan ma na yanzu ba kamar na zamanin PS2 ba ne. Wasan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke cikin faifansa bai wuce kimanin megabayit 70 ba, sauran duk saukewa ake yi. Mai tambaya ya fara bincikawa ko siririyar nan ce da ta fito a ƙarshen 2023, domin ita ana iya sayo mata wurin faifai daban a maƙala daga baya, kuma dala 79.99 aka sa masa da ya fito. Sai dai ranar maƙalawar dole a haɗa ta da intanet sau ɗaya. Idan tsohuwar ce ta 2020 marar faifai, to haka za ta mutu.

Abban Ilham

Ni dai farashin ne ya tsaya mini a rai. Dubu 820 ta yi yawa, domin ƙanin matata ya sayo mai faifai a Legas a dubu 690 wata biyu da suka wuce.

Ɗan Ƙaura

Wannan ta hannu ce aka goge aka mayar cikin kwali. Na tambaya a Abuja makon nan an ce mini dubu 900, ba ragi.

Abban Ilham

Da idona na ga an yanke ledar kwalin. Kuma tunda ana lissafi, a sa da kuɗin wasa. Sabon wasa dala 70 ne a shagon intanet, ni kuma katin dala 50 da ake loda wa asusu kuɗi da shi a dubu 85 na saye shi, ga kuɗin data na sauke wasan da ya haura gigabayit 40. Faifai kuwa idan ka gaji da shi ka kai kasuwa a ba ka rabin kuɗinka, ko ka yi musaya da maƙwabcinka.

Ɗan Ƙaura

An cuce ka, katin dala 50 dubu 76 ne a wurin mutumina.

Ɗalibin Shari'a

Ina neman afuwar manya, amma ina ganin ana gardama a kan reshe an bar tushe. Wanda ya danna "saya" a waɗannan shagunan na intanet bai mallaki wasan ba, lasisin amfani aka ba shi, kuma mai bayarwa yana iya janyewa. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 wadda ta tilasta wa shagunan su faɗa wa mai saye haka a fili, Steam ma ta fara rubuta shi a wurin biyan kuɗi a watan Oktoba na shekarar. Ku dubi wasan tseren mota The Crew na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2014. An cire shi daga kasuwa a Disambar 2023, aka kashe uwar garkensa, wato kwamfutar kamfanin da wasan ke dogara da ita, a ƙarshen Maris na 2024, kuma da yake ba ya tashi sai da intanet, har masu faifai suka wayi gari da abin da bai fi madubi amfani ba. Wannan ne ya sa Ross Scott, mai yin bidiyo a YouTube, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. A watan Janairun 2024 ma wani jami'in Ubisoft ya yi maganar da ta ta da ƙura, cewa akwai buƙatar masu wasa su saba da rashin mallakar wasanninsu. Saboda haka faifai yana rage haɗari ne kawai, bai kawar da shi ba.

Injiniya Mafara

Ƙanena, mutum ya tambayi abin da zai saya ranar Asabar, kai ka kai shi Kalifoniya. Ka taɓa kwance na'ura ka ga cikinta? Shawara a wannan harka ta wanda hannunsa ya taɓa sukudireba ce.

Ɗalibin Shari'a

Yayana, ban taɓa ba, amma mai gyaran mota ba shi ne ke karanta takardar sayen mota ba. Kuma da wuya mai gyara ya ga na'urar da ke lafiya, shi ya sa kake ganin kowane idon faifai matacce ne.

Baba Na Samaru

Ku duka biyun ba wanda ya taɓa tsayawa gaban yara ashirin yana mayar musu da kuɗinsu naira ɗari-ɗari. Wanda ya ƙone shi ya san zafin wuta. Injiniya, ka ce mutum ya sayi wasa a asusun kansa, to da wane adireshi zai buɗe asusun?

Ɗan Ƙaura

Nan kam Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Idan ka zo buɗe asusun PlayStation, ka duba jerin ƙasashe daga sama har ƙasa, za ka ga Afirka ta Kudu amma ba za ka ga Najeriya ba. Shi ya sa kowa ke rubuta cewa a Amurka ko Ingila yake, ya sayi kati da dala a hannun 'yan tsakiya. A watan Mayun 2024, lokacin rikicin wasan Helldivers 2, da aka ce dole masu bugawa a kwamfuta su haɗa asusun PlayStation, an daina sayar da wasan a Steam a ƙasashe da yankuna fiye da 170 inda babu wannan hidimar. Sai da 'yan wasa suka yi musu ca kafin aka janye sharaɗin haɗa asusun. Kuɗinmu yana shiga, amma a takarda babu mu.

Bakaben Argungu

Ni a takarda mutumin jihar Oregon ta Amurka ne, saboda an ce can ba a cire harajin saye. Idan an zo ƙidaya a Amurka za a tarar rabin matasan Birnin Kebbi gida ɗaya suke zaune.

Abban Ilham

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙwallon kanta. Tun da EA, mai yin wasan ƙwallon, ta rabu da hukumar FIFA bayan FIFA 23 ta koma sunan EA Sports FC a 2023, aka kwashe tsofaffin daga shagunan intanet, ga shi kowace shekara riguna ake canjawa a karɓi cikakken kuɗi, hankalinsu duk yana kan sayar da katunan 'yan wasa na Ultimate Team a cikin wasan. Konami kuwa ta yanka wasan ƙwallonta na PES da hannunta a 2021, ta kawo eFootball wanda ya fito da fuskokin 'yan wasa kamar an zana su da gawayi. Shi ya sa shaguna da yawa har yau PES 2021 suke kunnawa.

Mai Gem Tudun Wada

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Baba, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Na kira mutumin, ya ce siririyar ce, amma wurin faifan da ake maƙalawa ba ya da shi kuma bai san farashinsa ba. Har yanzu ba wanda ya ce mini komai a kan faifaina tara, ko za su yi aiki a sabuwar.

Injiniya Mafara

Mai cin faifai tana karɓar kusan duk faifan PS4. Amma Abban Ilham, ba zan bari maganar PES ta wuce ba. Wanda ya ce 2021 ya fi, bai buga PES 2013 a PS3 ba.

Abban Ilham

Na buga shi kafin ka fara riƙe sukudireba, Injiniya. Mai tsaron ragarsa ko kaza ta bugo ƙwallo sai ta shiga.