Neman taimako: menu ɗin faifan biki ya hana ni sakat

Mai kyamara daga Ringim:
Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon biki a ƙauyukan nan namu. Haɗa hoton ba ya ba ni wahala, shafin farko na faifan DVD, wato menu da ake zaɓar abin kallo a kai, shi ne ke shanye min man janareta. Uwar amarya so take ta danna rimot ta shiga kamu kai tsaye, dangin ango ɗaurin aure suke nema, ga walima, ga buɗar kai. Manhajar da nake aiki da ita kuwa, samfuran cikinta duk na bikin Turawa ne, zobe da farar riga. In na matsar da maɓalli ɗaya sai sauran su watse. Abin da ya fi ci min rai, a kwamfuta komai lafiya lau, amma a gidan amarya in an danna ƙasa daga "Kamu" sai ya tsallake ya dira kan "Walima". A talabijin mai doro kuma rabin sunan amarya ya ɓace a gefe. Don Allah a taimaka.

Tsohon hannu daga Gumel:
Wa alaikumus salam. Malam, ka rabu da samfuran nan. Ka tsara hoton shafin da kanka a manhajar gyaran hoto, da amarya da rubutu da komai, sannan ka kai shi DVDStyler, manhajar haɗa faifan DVD ce, kuma kyauta ce, ka ɗora maɓallan. Tsallaken da kake gani, manhaja ce ke zaɓar inda sama da ƙasa za su kai. Ka shiga kowane maɓalli ka saita da hannunka. Sunan da ke yankewa kuwa, talabijin mai doro dama tana cin gefen hoto, ka bar kamar kashi 10 cikin 100 fili ta kowane ɓangare. Ka tabbata kana kan tsarin hoton talabijin na PAL, mai girman 720 da 576, shi ne namu a Najeriya.

Matashi daga Wudil:
Yallaɓai, wa ke ta faifai yanzu? Kamfanin Adobe ma tun fitowar CS6 ta 2012 ba su sake fitar da Encore, manhajarsu ta haɗa DVD, ba. Ka zuba musu a filasha ko memori, kowane taro da fayil ɗinsa.

Mai kyamara daga Ringim:
Ƙanina, filasha ina bayarwa. Amma sai yaro ya goge ya zuba waƙoƙi. Faifai Hajiya ke sawa a ƙasan akwati tare da zannuwanta, kuma shi take biya. Babban yaya na Gumel, na gode. Saura abu guda: alamar da ke nuna maɓallin da aka zaɓa tana fita da kaushi, bakinta kamar zarto.

Tsohon hannu daga Gumel:
Wannan ba daga hannunka ba ne, haka tsarin DVD yake. Launi 4 kacal aka ba wannan alamar, shi ya sa ba ta ɗaukar ado. Ka yi ɗan layi a ƙarƙashin rubutun, ko ɗigo a gefensa, ya wadatar. Ka kuma duba salon rubutun yana da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba ɗan akwati zai fito a madadin harafin a tsakiyar sunan mutane. Kafin ka buga da yawa, ka buga ɗaya a hankali, kar gudun buga faifan ya wuce 8x, ka gwada shi a na'urar maƙwabci da rimot ɗinta.