Ciwon ƙugu ya hana ni zaman tahiya, ga kuma ciwon suga: allura ko ƙaho?

Direba daga unguwar Karantina, Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa mazauna wannan ƙasa, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga halin da nake ciki, da kuma masu aikin lafiya a cikinmu. Shekarata 57, kuma shekara 11 ke nan da likita ya tabbatar mini da ciwon suga a nan Jidda. Ina shan Glucophage safe da yamma, da ƙwaya ɗaya ta hawan jini mai suna lisinopril. Sana'ata tuƙin motar ɗaukar kaya ce, kuma akwai ranar da nakan yi awa tara a bayan sitiyari tsakanin tashar jiragen ruwa da rumbunan ajiya.

Wata biyar da suka wuce ciwo ya kama ni a ƙugu ta gefen dama. Da fari na ɗauka gajiyar zama ce, na ce in na huta ranar Juma'a zai wuce, amma sai abin ya yi ta gaba. Yanzu ya fi tsananta a matsematsi, daga nan ya gangaro ta gaban cinya har gwiwa. Idan zan hau mota sai na sa hannu biyu na ɗaga ƙafar, sa safa kuwa sai ɗana ya taimaka mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman tahiya, domin ba na iya naɗe ƙafar, sai dai in miƙe ta gefe ina takura wa wanda ke kusa da ni a sahu, in an sallame kuma in dafa bango kafin in tashi.

Tun daga lokacin Voltaren nake sha, ƙwaya biyu a rana, ranar da tafiya ta yi nisa uku. Na je wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a unguwarmu, likitan ya ɗan danna wurin, bai ce a yi hoto ba, ya ce in dawo a yi mini allurar kortizon. Abokan zamana sun ce in rabu da asibiti in je a yi mini ƙaho, wani kuma ya kawo mini haɗin zuma daga kantin aɗɗar, wato mai sayar da magungunan gargajiya, ya ce kwana uku kawai zan ga bambanci. Ban taɓa haɗin ba tukuna. Shin allurar nan tana da illa ga mai suga? Kuma tsakaninta da ƙaho wanne ya kamata in fara gwadawa?

Wata Hajiya daga Shara Mansur, Makka:

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. An yi mini wannan allurar a ƙugu shekara biyu da suka wuce, kuma abin da ba a gaya mini ba shi ne zan gaya maka. Kafin allurar, sugana da safe ba ya wuce 140. Washegari da daddare na ji maƙogwarona ya bushe kamar na wuni da azumi, na sha ruwa gora biyu, na yi ta zirga-zirga zuwa makewayi har asuba. Da jikata ta kawo na'ura ta auna ni, sai muka ga 350. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka na'urar ce ta lalace, sai da muka sake gwadawa da ta maƙwabciyata muka ga abu guda. Kusan mako guda sugan ya yi kafin ya dawo inda yake, kuma sai da likitar da ke duba ni ta ƙara mini magani na waɗannan kwanakin.

Gaskiya allurar ta yi mini aiki, domin na yi wata uku ina zuwa Harami da ƙafata. Bayan haka ciwon ya dawo yadda yake. Saboda haka ban ce kada ka yi ba, amma kada ka yarda a yi maka ita sai likitan sugarka ya sani, ya gaya maka abin da za ka yi idan ya hau, kuma ka tanadi isassun tsinken gwaji a gida, ka riƙa aunawa sau huɗu a rana. Ka kuma ƙaurace wa dabino da shayin madara mai zaƙi a wannan makon, ko da baƙi ka yi.

Ma'aikacin kantin magani a Madina:

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Hajiya ta faɗi gaskiya game da allurar, sai dai ni abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka ba allurar da ba a yi ba ce, Voltaren ɗin da ka yi wata biyar kana sha ne. Wannan magani da 'yan uwansa irin su Brufen suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai shekara 11 da ciwon suga kuwa, sau da yawa ƙodarsa ta riga ta fara gajiya ba tare da ya ji komai ba. Ka haɗa wannan da lisinopril, ka ƙara da zafin Jidda da gumin da direba yake yi, musamman idan yana rage shan ruwa don gudun tsayawa a hanya, za ka ga nauyin da aka ɗora wa ƙodar ya yi yawa. Ban da haka, maganin yana ɗaga hawan jini, yana kuma iya haddasa gyambon ciki. Ina roƙonka ka dakatar da shi daga yau, ka je a auna maka aikin ƙoda a jini, a kuma duba fitsari ko furotin yana zuba. Wannan gwaji ya shafi Glucophage ɗinka ma, domin idan awon tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 45 akan sake duba yawan da kake sha, idan ya yi ƙasa da 30 kuma dakatar da shi ake yi baki ɗaya. Kafin ka ga likita, Panadol ya fi sauƙin haɗari, amma kada ya wuce ƙwaya takwas masu 500 a cikin awa 24, kuma ka lura da cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki.

Sai batun ciwon kansa. Mu Hausawa kalma ɗaya muke yi wa wurare da yawa, mu ce ƙugu ko kwankwaso, alhali likita yana bambanta su. Ciwon da ya tashi daga gadon baya ya bi ta mazaunai da bayan cinya har ƙasan gwiwa yawanci na jijiya ne da ƙashin baya ya danne. Wanda yake a gefen ƙugu ta waje, ya hana mutum kwanciya a kan wannan gefen, galibi kumburin jijiyoyin nama ne da ke wajen gaɓar. Naka da yake a matsematsi, yana sauka gwiwa, ya hana ka sa safa, ya fi kama da na cikin gaɓar kanta, wato guringuntsin da ke tsakanin kan ƙashin cinya da gurbinsa ya zaizaye. Amma fa wannan hasashe ne daga nesa. Akwai wani ciwo da suga kansa yake jawowa a jijiyoyin cinya, mai zuwa da raɗaɗi mai tsanani, cinyar ta tsotse, mutum ya rame, ya kasa hawa bene, kuma allura a gaɓa ba ta yi masa komai. Akwai kuma mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jini, wadda ta fi samun masu sikila da waɗanda suka daɗe suna shan kortizon, kuma sikila ba baƙuwa ba ce a cikin zuriyarmu. Wannan a farkonta hoton ashi'a, wato X-ray, na yau da kullum ba ya nuna ta, sai an shiga na'urar MRI. Don haka ban ga dalilin soka allura a gaɓar da ba a ɗauki hotonta ba. Ka nemi a tura ka wurin likitan ƙashi. Tun da kamfani kake yi wa aiki, dokar ƙasar nan ta wajabta musu yi maka ta'amin, wato inshorar lafiya, sai ka duba katinka ka ga asibitocin da suke karɓarsa.

Haɗin zumar nan kuma ka mayar wa mai shi da godiya. Zuma kanta tana ɗaga suga, sannan an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe marasa rajista da kortizon a ɓoye a cikinsu. Duk haɗin da aka ce yana kashe ciwon gaɓa a kwana uku, ni zarginsa nake yi.

Abu na ƙarshe: idan zazzaɓi ya zo tare da ciwon, ko ka wayi gari ba ka iya taka ƙafar sam, ko ka faɗi ka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, ko fitsari ya fara kuɓuce maka, kada ka jira ranar ganin likita. Ka tafi sashen gaggawa ko ka kira motar asibiti ta 997. Don tambaya ta yau da kullum kuwa akwai layin ma'aikatar lafiya, 937, dare da rana.

Wani dattijo ɗan asalin Gadarif ta Sudan, mazaunin Riyad:

Ɗana mai kantin magani ya yi bayani mai kyau, amma na ga ya tsallake ƙaho kamar ba a tambaye shi ba. Ƙaho ya tabbata a sunna, iyayenmu a Gadarif da Mai Wurno da shi suka rayu, ni kaina ana yi mini sau biyu a shekara kuma ina jin jikina ya saki. Sai dai zan faɗi abin da idona ya gani, don kada in ɗauki alhakin kowa. Wani maƙwabcina mai suga ya je aka yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi a cinya saboda irin wannan ciwon, ƙunar ta ƙi warkewa, ta yi ruwa, sai da ya yi fiye da wata biyu ana wanke masa ita a asibiti, ciwon ƙugun kuma yana nan inda yake. Saboda haka sakiya kam kada ka kusance ta, Alhaji. Ƙaho kuwa, in za ka yi, ka je wurin da hukuma ta ba lasisi, inda ake buɗe sabuwar reza da sababbin kofuna a gabanka, ba ɗakin wani a lungu ba.

Ma'aikacin kantin magani a Madina:

Allah ya ƙara girma, Baba, ban tsallake shi don raini ba. Abin da nake gudu shi ne tsaga fatar mutumin da ba mu san inda sugansa ya tsaya ba. A fara auna tarakumi, wato gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Idan ya kusa 7 kuma mutum ba ya shan maganin tsinka jini, ya shawarci likitansa ya je wurin masu lasisi. Idan ya yi sama sosai, ƙaramar tsaga ma tana iya zama gyambo. Kuma ko an yi ƙahon, guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa da shi. Wannan awo na tarakumi shi ne kuma likitocin tiyata suke dubawa idan ta kai ga sauya gaɓa, da yawansu ba sa son yin aikin sai ya sauko ƙasa da 8 saboda gudun ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen da aka sa, kuma sukan bar aƙalla wata uku tsakanin allurar kortizon da tiyata.

Wani malamin Islamiyya a Makka:

Alhaji, game da salla kada ka sa wa kanka damuwa. Ya tabbata a hadisin Imrana ɗan Husaini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ka tsaya inda kake iya tsayawa, ka zauna a kujera inda zaman ƙasa yake cutar da kai. Idan kuma ka zo Umra, ka tuna sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita uku, ga kekunan turawa da motocin lantarki an tanada a Harami don masu lalura irin taka.

Direba daga unguwar Karantina, Jidda:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na dawo in ba ku labari bayan kwana 16. Na bar Voltaren tun ranar da ma'aikacin kantin maganin nan na Madina ya yi magana, kuma ba zan ɓoye muku ba, daren farko da na biyu ban runtsa ba. Gwaji ya nuna awon ƙodata 58, likitan ya ce ta fara raguwa, za a sake aunawa bayan wata uku, Glucophage kuma in ci gaba da shi. Tarakumi ya fito 8.9, abin da ya ba ni kunya, domin na san shinkafar kabsa ta dare da burodin tamis na safe ne suka kai ni nan. Hoton ashi'a ya nuna tazarar da ke cikin gaɓar dama ta tsuke, likitan ƙashin ya ce amosanin gaɓa ne, bai kai ga tiyata ba tukuna. Ya ɗage batun allura sai sugan ya sauko, ya rubuta mini zama goma na ilaj ɗabi'i, wato atisayen motsa gaɓa a asibiti, ya ce in rage ƙiba, in kuma riƙa tsayawa ina taka ƙasa bayan kowace awa a hanya. Ya ba ni sanda, ya ce in riƙe ta a hannun hagu tun da ƙafar dama ce mai ciwo, ni kuwa da a dama zan riƙe.

Ƙaho na ajiye shi sai tarakumi ya sauko, kamar yadda aka shawarta. A masallacin unguwarmu ladan ya ajiye mini kujera a ƙarshen sahu na biyu. Abin da ya rage mini yanzu shi ne wurin aiki, domin zaman ilaj ɗin da safe ne, lokacin da ake lodi. Ko akwai wanda ya taɓa kai wa kafilinsa, wato uban gidansa na aiki, takardar likita aka sauya masa lokacin aiki ba tare da an taɓa albashinsa ba?